Makarantar Karnukan da Na Buɗe a Gwaram

Birai ne suka jawo mini. Ina da 'yar gona a gindin duwatsun garinmu, Birnin Kudu, garin da mutanen da suka bar mana zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, har yau baƙi na zuwa kallo. Shekara uku a jere ina shuka gyaɗa da masara, birai na girbewa. Ni ne da iri, ni ne da taki, ni ne da noman fari da maimai, su kuma sai kaka ake ganinsu. Har ta kai in na doso gonar babbansu ba ya ko motsawa daga kan dutse, sai dai ya bi ni da ido kamar mai gona ya ga ɗan ƙwadago ya makara.

Da na kai kuka wurin kawuna a Gwaram, wanda ya tsufa a farauta, bai ce uffan ba. Ya zaga bayan gida ya fito da ɗan kwikwiyo ja mai farin ƙirji a cikin kwando, ya ce, "Ga maganin birai. Sunansa Ba-ruwanka." Na ce, "Kawu, ba a sake masa wani?" Ya ce an riga an raɗa. Mutanenmu dai ba sa sa wa kare suna a banza. Habaici ne, duk kiran da aka yi wa karen saƙo ne ya tsallaka katanga. Daga baya na ji ashe Kawu da wani maƙwabcinsa mai yawan tambaya yake. Ni ban san hawa ba ban san sauka ba, na gaji faɗan.

Uwargida ta tare ni tun daga zaure. Na buɗe mata karatu: a mazhabarmu ta Malikiyya kare ba najasa ba ne, an halatta riƙe shi don farauta da tsaron gona da na dabbobi, Suratul Ma'ida ma ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar, ga kuma karen As'habul Kahfi. Ta saurara har na kai aya, ta ce duk ta yarda, amma ba ta ji inda littafin ya ambaci wanda zai riƙa share kashi ba. Aka yi sulhu: kare ba zai taka cikin gida ba, zai zauna a kangon da ke bayanmu, a kewaye shi da dangar kara. Ku riƙe dangar nan a rai. Iyakarta ƙuguna, kuma wata takwas tana riƙe da shi lafiya lau.

Da na tsaya a nan, da yanzu ina cin gyaɗata cikin rufin asiri. Amma wani dare ina kwance ina latse-latsen waya sai na ci karo da bidiyon gasar karnuka ta Crufts, wadda ake yi duk shekara a birnin Bamingam na Ingila. Wata Baturiya ce da karenta baƙi da fari, irin karnukan kiwon tumaki na kan iyakar Ingila da Sikotilan. Ba igiya a wuyansa, ba sanda a hannunta. Ta ɗaga yatsa, ya tsallake shinge. Ta juya kafaɗa, ya faɗa wani dogon bututu ya ɓullo ta can. Ya ratsa tsakanin sanduna goma sha biyu yana lanƙwasa kamar maciji a ciyawa, ya hau katako mai sama-da-ƙasa ya tsaya cak har katakon ya sauko da shi. Dubban mutane na ihu, ko kallo ba su ishe shi ba, idonsa na kan matar. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Na maimaita har data ta ƙare.

Washegari na sake sayen data na bi asalin abin. Ashe a 1978 aka fara shi, a wannan gasar dai, lokacin ana yin ta a Landan, don a cike gurbin lokaci kada 'yan kallo su gaji da zama. Tsallen dawaki aka kwaikwaya aka mayar na karnuka. Abin da aka ƙirƙiro don hana Turawa gyangyaɗi, shi ya hana ni barci mako guda. Na ce a raina, ni da na yi shekara goma sha tara ina fama da 'yan aji uku, na cusa haddar sau bakwai a kan yaran da ba sa iya zaman minti biyu, kare ɗaya ne zai gagare ni? Karen bana ai shi ke maganin zomon bana, balle biri.

Na sari sandunan darbejiya goma sha biyu na kafa a kango, santimita 60 tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar yadda dokar wasan ta ce, da tef ɗin ɗinkin uwargida na auna. Na sayi tsofaffin duro biyu, mai walda ya fasa gindinsu, na haɗa su baki da baki, bututu ya samu. Mai faci ya ba ni tsohuwar taya kyauta, bayan ya tambaye ni sau biyu ko lafiya. Shingen tsalle na kara ne. Katakon sama-da-ƙasa ne ya ba ni ciwon kai, don sai da abin da zai hau a tsakiya, kuma duk faɗin gidan ba abin da ya dace sai turmin uwargida, wanda aka kawo ta da shi. Na ce mata aro ne na kwana biyu.

Hanyar horon a baki ba ta da wuya. Fiye da shekara ɗari da suka wuce wani masani ɗan Rasha, Pavlov, ya nuna cewa in kana yin wani sauti duk sanda za ka ba kare abinci, ba a jimawa sautin kaɗai zai sa yawunsa ya tsinke. A kan haka masu horon zamani suka ɗora: kare ya yi daidai, ka yi sautin nan take ka sa masa lada a baki, ya yi kuskure, ka share shi, ba duka ba tsawa. Na sayi usur irin na alƙalin ƙwallo. Lada kuwa da ƙuli-ƙuli na fara. Ba-ruwanka ya shinshina, ya dube ni, ya koma ya kwanta. Na koma kilishi. A wata biyu kilishin da karen nan ya ci ya fi wanda 'ya'yana suka ci tun haihuwarsu, kuma autata ta faɗa mini haka a gaban baƙi.

Amma fa ya ɗauki karatu. Tsalle dai kamar don shi aka haife shi: na fara da kara a tsayin gwiwa, kafin wata ya kai ƙirjina. In na busa usur, ko ina yake sai ya sheƙo ya zauna a gabana yana kallon aljihuna. Sanduna ne bai taɓa gane kansu ba. A ganinsa wuraren fitsari aka kafa masa har goma sha biyu, kuma kullum sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba kowace haƙƙinta. Katako sau ɗaya ya hau, ya sauko da ƙarfi, ɗaya ɓangaren ya tashi ya same ni a haɓa. Bututu kuwa ko da kilishi ba ya shiga.

Masu horon nan sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: kare bai horu ba sai ya iya sauraron ubangidansa a tsakiyar wasu karnuka, ba igiya, shi ya sa suke yin aji na taro. A Birnin Kudu ba wanda zan tunkara da maganar ajin karnuka ya ci gaba da gaishe ni. Sai na tuna Gwaram, inda Kawu da abokansa ke da karnuka kamar kaji. An gama kaka, hunturu ya shigo, mafarauta na gyaran gora da tsitaka suna jiran ranar fita. Na aika wa Kawu cewa zan zo in horar musu da karnuka kyauta, har da shayi da burodi. Ina kyautata zaton shayin ne ya yi aiki.

Ranar wata Asabar na shiga a-kori-kura da kayana. Direban ya dubi duro, ya dubi taya da turmi da sanduna da kare, ya ce, "Malam, ƙaura ce ko tsafi?" Bayan mun wuce Babaldu ya tsaya ya kwashi buhunan wani mutum guda shida ya jibge su a kan kayana. Na yi magana, ya ce ƙarfe ne, me zai same shi.

Mafarauta bakwai suka zo da karnuka goma sha ɗaya, a wani fako a bayan gari. Karnuka sirara, haƙarƙari duk a waje, kunnuwa a yanke, wasu da laya a wuya, kowanne da tabonsa. Kusa da su Ba-ruwanka ya zama kamar ɗan mai kuɗi da aka kai almajirci. Na jera kayana, na zura babbar riga don kwarjini, na cika aljihun wando biyu da kilishi, na yi jawabi. Na kawo Crufts, na kawo Pavlov. Suna kurɓar shayi suna gyaɗa kai.

Wani dattijo da ke zaune a gefe, tsohuwar karya kwance a ƙafarsa, ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Malam, in ya gama zagaya sandunan nan, me zai kamo?"

Na ce, "Ba ya kamo komai, Baba. Gwaninta ce."

"To a can Ingilar, wanda ya fi kowa, me ake ba shi?"

"Kofi, da wani ƙyalle mai ado."

"Karen ake ba kofin?"

"A'a, mai karen."

Ya yi shiru, ya kurɓi shayi, ya ce, "Allah ya kyauta." Sauran suka ce amin.

Darasi na farko, na ce, a kwance igiya. Suka dubi juna. Kawu ya ce, "Ɗan nan, karnukan nan fa ba su ci komai ba tun jiya." Na ce haka ma ake so, mai jin yunwa ya fi mai da hankali. Duk jawabin ranar, a nan kaɗai na faɗi gaskiya.

Aka kwance. Na busa usur, Ba-ruwanka ya tsallake kara ya zo ya zauna, na zaro kilishi na ba shi. Ido ashirin da ɗaya suka ga inda kilishin ya fito, don akwai mai ido ɗaya a cikinsu. Ni ban lura ba, hankalina na kan bututu, na ƙudurta yau sai kare ya shiga. Na tura wannan ya turje, na ja wancan ya yi mini gurnani. A aji in yara suka kasa, malami ne kan fito ya yi a allo su gani. Na tattare babbar riga, na durƙusa, na ce, "Ku duba, haka ake yi," na cusa kai.

Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga. A daidai tumbi na gane abin da buhu shida suka yi wa duron nan: bakinsa ya lotsa. Na yunƙura gaba, ya ƙi. Na ja baya, riga ta maƙale a inda mai walda ya bar kaifi. Rabina na cikin duhu yana shaƙar warin baƙin mai, rabina na waje, kuma rabin wajen shi ne mai aljihu.

Na ji wani hanci mai sanyi. Sai na biyu. Daga nan lissafi ya ɓace mini.

Jama'a, duk wanda ya ce muku karen farauta ba shi da natsuwa, bai san su ba. Natsuwar da na yi wata biyu ina nema ga ta ta samu, ba igiya ba sanda, kare goma sha biyu a kan aiki ɗaya. Wannan na jan aljihun dama, wancan na hagu, duro na amo kamar ana kiɗan gangi. Na lalubo usur a wuyana na busa, na manta cewa a karatun da ni da kaina na koyar ma'anarsa ga kilishi nan. Kawu, an faɗa mini daga baya, ya yi niyyar yin fito ya kira nasa, dariya ta hana leɓensa haɗuwa.

A wannan halin mai unguwa ya iso, don an kai masa labarin wani baƙo ya tara karnuka a bayan gari da turmi da taya. Ni ban gan shi ba, ina ciki. Abin da na sani kawai, na ji haƙoran da na shaida a cinyata a daidai lokacin da wata murya ke cewa, "Salamu alaikum. Bayin Allah, me ake yi a nan?"

Na tattara ƙarfina na kwarma, "Ba-ruwanka!"

Wanda bai taɓa ihu a cikin duro ba bai san lasifika ba. An ce har masu ɗibar ruwa a rijiya sun ji.

"Me ya ce?" in ji mai unguwa.

"Ba-ruwanka, ɗan banza! Tafi ka ba ni wuri!"

Dattijon nan ne ya cece ni, kuma ko tashi bai yi ba. Wani ɗan sauti ya yi da harshe, sau ɗaya, wanda ni a ciki ban ma ji ba. Tsohuwar karyarsa ta saki abin da ke bakinta ta koma ta kwanta a ƙafarsa, sauran kuma, da yake ita ce uwar gayya, suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne na ƙarshen barin wurin. Mutum biyu suka kama ƙafafuna suka ja. Wando ya riga ni fitowa.

Haka na durƙusa a gaban mai unguwa ɗaure da zanen matar Kawu, ina cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi da kare nake." Ya ce, "Wato ni ne karen?" Sai da Kawu ya kira karen da sunansa ya zo yana kaɗa jela, sannan aka fara saurarona. Maƙwabcin Kawu mai yawan tambaya, da ke cikin 'yan kallo, ya ba da shaida cewa shi ya daɗe da sanin wannan suna.

An sami rauni biyu a mazaunai da ƙarzuna a cinya. Wannan kam na san hukuncinsa, don duk 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, nakan faɗa wa yara: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a nufi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe, domin ciwon in ya bayyana an gama. Kawu ne ya yi wankin a bayan wata kuka, wani na tsiyaya masa ruwa daga buta. Minti 15 na da tsawo ga wanda ke sunkuye, don haka na tambayi dattijon, da ya zo ya tsaya yana duba aiki, wace hanya ya bi ya horar da karyar.

Ya ce shi bai san wani horo ba. Tun idonta bai buɗe ba take hannunsa. Ba ta taɓa karɓar abinci daga hannun wani ba, ko matarsa. Da ta tasa ya sake ta a bayan uwarta, uwar ce ta nuna mata bin sawu, da inda ake laɓewa, da abin da ƙaho ke nufi. In an kama zomo ko gafiya, kayan ciki nata ne, a nan take, ba a taɓa ce mata sai an koma gida ba. "Shekara tara muna tafe tare, Malam. Rana ta dake mu tare, ruwa ya dake mu tare. In na yi tari ta san ko na mura ne ko na magana." Sai ya leƙo ya ce wa Kawu a ƙara sabulu ta hagu.

Na so in ce masa ai abin da ya faɗa shi ne Pavlov, ga lada nan take, ga ajin taro, har da malama. Amma wanda ake wanke wa mazaunai a bayan kuka ba shi da bakin kawo hujja.

A asibiti ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe ni tsohuwar ɗalibata ce, wadda na taɓa sa wa kamun kunne saboda makara. Ta gaishe ni da ladabi, ta ɗauko takarda. "Malam, wane kare ne? Za a sa masa ido kwana 10." Na ce nawa dai yana da rigakafinsa, likitan dabbobi ya yi masa, allurar ma ta Vom ce. Ta ce, "Shi ne ya yi cizon?" Na ce su goma sha biyu ne, kuma ba wajen nake kallo ba. Ta ce tana zuwa, ta fita. Ta bango ina jiyo su, su uku. Allura biyar aka rubuta mini: a ranar, sai kwana 3, da 7, da 14, da 28. A dantse ake yi, alhamdu lillahi, don wancan wurin ya riga ya ga abin da ya gani. Kuɗinsu ya fi na gyaɗar da birai suka ci mini a shekara uku.

Na dawo gida na rufe makaranta, amma ɗalibi bai manta karatu ba. Dangar da ta riƙe shi wata takwas, yanzu ko da baya ba ya ja kafin ya tsallake ta. Daga ita sai katangar maƙwabcina mai kiwon zabi. Na biya huɗu. Wata rana da la'asar ana ƙwallo a filin unguwa, alƙali ya busa usur, sai ga Ba-ruwanka ya ratsa 'yan wasa ya zauna a gabansa yana kallon aljihunsa. Aka kore shi, aka sake busawa, ya dawo. Da bawan Allah ya sa hannu a aljihu zai zaro katin gargaɗi, abin da ya biyo baya ne ya tashi wasan, kuma ni aka aiko wa. 'Yan sintiri ma sun kawo ƙorafi: in suka busa da dare don ɓarawo ya gudu, kare ne ke zuwa.

Gona kuwa sau ɗaya na kai shi. Babban birin ya sauko daga dutse, suka ƙare wa juna kallo, Ba-ruwanka ya juyo ya zauna a gabana yana kallon aljihuna.

Wani ya ba ni shawarar in haɗa shi da masu sayen karnuka suna kaiwa kasuwar Dawaki ta jihar Filato. Raina bai ba ni ba. Na mayar da shi Gwaram, Kawu ya sake shi a bayan tsohuwar karyar dattijo, kuma kafin rani ya fita ya kama zomo biyu, ɗaya ma sai da ya tsallake dangar wata garka ya cafke shi. Kawu ya aiko cewa tsallen dai ba laifi.

Sanduna goma sha biyu uwargida ta yi tuwo da su. Turmi ya dawo a tsage, na sayo sabo a kasuwar Sara, ta karɓa ta ce ba ya daka kamar na da. Duro biyu marasa gindi suna nan a kango, ɗaya a lotse, duk mai so ya zo ya ɗauka kyauta. In ka shigo Birnin Kudu ba sai ka san sunana ba, ka ce wa kowane ɗan acaɓa ya kai ka gidan Malam Ba-ruwanka.